Mai Kayan Ciki a Birnin Firenze

Shekara arba'in da ɗaya ina wanke tumbin shanu
a bakin kasuwa, tun kogin Arno bai ga rana ba.
Na san reza da ninkinta kamar shafukan littafi,
na san saƙar zumar da ke jikin tumbi,
na san inda wuƙa ke kauce wa madaciya,
don in ta fashe, tukunya duk ta koma ɗaci.

Ni ne Duilio ɗan Bencivenni.
Tumbin saniya ɗaki huɗu ne, kowanne na san sunansa.
Nawa ɗaya tal, shi ma ban taɓa gaishe shi ba.
Baƙin kofi nake aika masa da asuba, da taba kara biyu,
da ƙwayar ciwon gwiwa a kan yunwa,
yana karɓa shiru kamar jakin da ya san hanya,
ban ji ya ce uffan ba tsawon lokaci.

Ƙwannafi ne ya fara yin sallama.
Na sha soda a cokali, na yi gyatsa, na ce ya wuce.
Ornella ta ce, je ka asibiti.
Na ce, wa zai tsare rumfa?
Sai wata Talata na waiga a makewayi,
na ga abin da na bari baƙi ƙirin kamar kwalta.
Ƙafafuna suka zama na aro,
gumi mai sanyi ya sauko har hanci.

Likitar kuwa Fiammetta ce,
wadda nake tsoma wa burodi a romo
lokacin tana tafe da jakar makaranta ta fi ta girma.
Yau ita ke riƙe da tiyo mai ido da fitila.
Ta ce, haɗiye, kawu.
Na haɗiye, da hawaye, da kakari, da sauran mutunci.

Allo na gabana, na ƙi rufe ido.
Ga maƙoshi, rijiya ja mai santsi,
ga wata ƙofa tana tsukewa tana saki,
sai ga fili mai ninki, mai sheƙi, yana motsi,
sak irin wanda ke cikin bahona kullum,
sai dai wannan yana da rai, kuma nawa ne.
Can a lungu, gyambo:
bai fi ƙwayar wake ba, fari a tsaka, ja a gefe,
yana tsatsar jini a hankali.
Wannan ɗan abu ne ya kayar da mahauci?

Da ta zare tiyon, ta zana mini a bayan takarda.
Ruwan tsamin da ke narkar da nama, in ji ta,
da ya ci tumbin kansa, ba don yauƙin da ya shafe bango ba.
Ƙwayoyinka sun kankare yauƙin,
wata cuta mai murɗe kamar mabuɗin kwalba ta sami gida.
Daga nan ƙasa hanji ne, kamu bayan kamu, a naɗe,
hanta na aiko masa da ruwan ɗaci don narka kitse,
yana tsotse amfani, yana miƙa saura gaba,
kana gardamar ƙwallo, kana minshari,
shi bai san hutu ba, bai san barci.

Mako biyu na magani. Farar shinkafa. Romo ba yaji.
Ornella ta ɓoye tukunyar kofi a gidan ƙanwarta.

Na koma rumfa ranar Asabar.
Layi ya taru, ana ta kira, Duilio, ƙara barkono!
Hannuna ya rage gaggawa a kan baho,
ina bin ninkin da yatsa kamar mai neman gafara.
Ashe ba don burodi kaɗai aka yi ciki ba,
har shiru yake adanawa, da haƙuri, da takaici.

Da dare nakan ɗora tafi ƙarƙashin haƙarƙari,
in ji yana ƙugi can ƙasa kamar kogi bayan ruwa.
In ce, sannu da aiki.
Ornella ta juyo: da wa kake magana?
In ce, da wani tsohon abokin zama,
yau na tambaye shi kafin in ba shi abinci.